Azumin da Aka Sa wa Yayana Suna

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, daidai inda ya bar mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Malamai sun ce haka wata yake zagayowa. Ni ban jira kowa ya faɗa mini ba, maƙogwarona ne ya ba ni labari. Tun da hantsi yawu ke kafewa, kafin azahar harshe ya zama kamar tsohuwar fata, iskar da ke tasowa daga fadama kuwa sai ka rantse daga bakin tanderu ta fito. Ina zaune gindin tankin ruwa a filin ƙwallon garinmu, inda nake gadi da shara da zanen layi, sai wancan azumin ya dawo mini ɗanye, har na tsinci kaina ina cizon haƙora ni kaɗai.

Sunana Garba. Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Bagudo, ta wajen Bahindi. A shekarar da nake magana, damina ta yi mana biyu babu. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero yake bununi, kogi kuma ya ciko daga sama ya haɗiye shinkafar fadama. Kafin a ga watan azumi rumbuna sun fara amsa kuwwa. Sahur ɗinmu garin rogo ne da ake tsallako da shi daga Benin, a jiƙa shi da ruwa da ɗan gishiri, in an yi sa'a a sami ƙuli a marmasa. Da yamma Inna, mahaifiyarmu, takan dama kunu tsararo, wanda in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka, sai kwaɗon busasshiyar tafasa. Hadari yakan taso ta gabas, ya yi baƙi, ya yi mana gurnani, mu fito muna ɗaga kai, sai ya watse ya bar mu da gumi. Awaki sun cinye har takardar siminti.

Za ka ce to wane mahaukaci ke buga ƙwallo cikin wannan hali? Yo mu mana! A shekarar ne ƙungiyarmu ta samu shiga ƙaramin lig na shiyya, kuma masu tsara wasa a birni ba ruwansu da rumbunka. Ban da haka ma, mutumin da ba shi da abin ci yana son abin kallo. Liman yakan yi faɗa a kan wasa da azumi, amma ran wasa za ka hango farin rawaninsa ta saman katangar masallaci, wai yana shan iska.

Filin nan da hannu muka yi shi, gayya guda. Dokar lig ta ce sai an kewaye fili, mu kuwa ba mu da bulo ba mu da kwano, sai kowane gida ya kawo zanar gamba, wasu ma daga bayan gidajensu suka kwance. Turakun raga azarar giginya ce, mai kaushi, wadda in gola ya rungume ta sai ya kwana yana cire sartse. Ragar kuma tsohon taru ne da Sarkawa masunta suka ba mu, har ta tsufa ba ta daina ƙarnin kifi ba. Ciyawa shanun Fulanin da ke mashekari bayan gari ne ke aske mana ita da kaka, mu kuma mu bi da kwanduna muna kwashe kashinsu. Ran jajiberin wasa mukan jeru tun daga wannan raga har waccan, a tsugune, muna tsince tsidau da ƙarangiya, don rabinmu ba takalmi. Layi kuwa da toka muke ja. Kowace mace ta tara tokar murhunta ta sahur, a tankaɗe, a zuba a gwangwani mai huji. In guguwa ta bi ta kai kafin la'asar, sai a sake zagayawa gida gida. Mai kuɗin shiga ya shiga ta ƙofar zana, marar shi ya hau tsamiya ko suri, kowa dai ya ga wasa.

Amma abin da ya fi raga da layi muhimmanci shi ne rumfar baƙi. A ƙasarmu, in wasa ya faɗo cikin azumi, ana take shi bayan la'asar ne a tashi gab da faɗuwar rana, kuma buɗa-bakin baƙi yana wuyan masu gida. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, ba kuma wanda ya taɓa tambaya. Randuna a binne cikin jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin rumfa, kunun tsamiya, ƙosai in akwai. Ku karya juna a fili, amma da ladan ya ɗaga murya baƙo ne ke fara sha. Shi ya sa ba wanda ke tafiya wasa da ruwa a jaka. Ɗaukar ruwa zuwa garin mutane zagi ne, kamar ka ce musu matsiyata.

Golanmu Yaya Usmanu ne, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne, mai faɗin tafi, marar magana. Ni ɗan baya ne, gajere, mai baƙar zuciya, kuma ban taɓa jefa ƙwallo a raga ba ko da kuskure. Shi ya koya mini riƙon garma bayan rasuwar Baba, shi ya koya mini tare ɗan gaba. In ya ce mini “Garba, bari,” ko wuƙa ce a hannuna sai na ajiye.

Cikin goman farko aka tura mu wasa wani gari da ke bakin iyaka. Ba zan kama sunansa ba, ina azumi. 'Yan Iyaka muke ce musu. Su yunwar ba ta taɓa su kamar mu ba, don fataucin tsallake ya riƙe su. Suka fito da jesi iri ɗaya na gwanjo mai rubutun Faransanci, kowa da takalmi mai ƙusa, mu kuwa kamar an tsinto mu a kasuwa. Kyaftin ɗinsu wani ne Bawa, ɗan mai kuɗin garin, kakkaura, mai tafiya yana buɗa hannu kamar ƙuraje sun fito masa a hammata. Filinsu yana can bayan gari, fako ne tsantsa, ba bishiya ko ɗaya. A-kori-kurar da ta kai mu ta sauke mu ta wuce ɗaukar kaya, sai bayan magariba za ta dawo.

Ranar Yaya Usmanu ya yi abin da ban sake ganin wani gola ya yi ba. Sun yi mana ruwan ƙwallo tun daga usur na farko, shi kuwa yana tashi yana faɗuwa a kan fakon nan mai ƙuna, gwiwa ta sale, gwiwar hannu ta sale. Lokacin hutu na ga leɓɓansa sun tsage, idonsa ya faɗa, na ce, “Yaya, matafiya muke, ko za ka kurɓa?” Ya ce, “In sha azumi don ƙwallo? Saura kaɗan, Garba.” Ana gab da tashi alƙali ya ba su fanareti. Bawa ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya nuna wa mutanensa kusurwar da zai buga don raini, ya kwaɗa. Yaya ya miƙe kamar an ja shi da igiya ya cafke ta. Aka tashi ba ci.

Rana ta yi ja, ta fara nutsewa. Muka ja ƙafa zuwa gefen fili inda suka ajiye duro ɗaya na ruwa da ƙwaryar kunu a rufe. Yaya bai iya tasowa ba, yana jingine da turken raga yana haki. Sai ga Bawa da abokansa sun kama duron nan, sun mirgino shi har bakin raga. Wallahi mun zaci karamci ne, har wani cikinmu ya ce madalla. Bawa ya dubi Yaya ya ce, “Gidan ga da kat tsare, shi shayar da kai.” Ya sa ƙafa ya ture duron. Ruwan ya malale a gaban Yaya, fako ya fara shanye shi muna kallo. Aka ɗauke kunu aka yi cikin gari da shi. Daidai nan muka jiyo kiran salla daga nesa.

Na zabura, mutum uku suka danne ni, don da na taɓa Bawa ba mai fita garin da rai. Dattawansu sun riga sun tafi masallaci, saura matasa da yara. Yaya ya yi ƙoƙarin miƙewa, jiri ya maido shi. Sai na ga ya tuɓe rigarsa, ya rarrafa, ya kwashi lakar nan da hannu biyu ya zuba a ciki, ya murɗa, ya ɗaga kai ya yi bisimilla. Jan ruwan yana ɗiga a bakinsa yana bin gemunsa. Ya sake kwasa ya murɗa, ya miƙo wa na kusa da shi. Bawa ya tafa hannu ya ce, “Ku zo ku ga Sha-Laka!” Yara suka ɗauka, suna tsalle suna rerawa, suka raka motarmu da shi har bakin hanya.

Suna linzami ne, in an sa maka shi sai inda ya ja ka. Kafin mako ya zagayo sunan ya riga mu zuwa ko'ina. Masu zuwa kasuwar Kamba suka dawo da shi, 'yan tasha a Bagudo suna tambaya wane ne Sha-Laka. Abin da ya fi ci mini rai, har yaran garinmu, 'ya'yan mutanen da ya tsare wa raga, na ji suna raɗa shi a bakin rijiya. Yaya ya shige ɗaki. Ba fili, ba majalisa, masallaci ma sai ya bari an tada salla ya tsaya sahun baya, kafin a shafa ya ɓace. In Inna ta miƙa masa kunu sai ya daɗe yana kallonsa. Mutumin da bai taɓa cin bashin mutuncin kowa ba, an tuɓe shi a kasuwa.

Wasan ramuwa ya faɗo goman ƙarshe, a filinmu. Matasa muka taru ƙarƙashin tsamiya, kowa na kawo tasa. Wani ya ce a bar musu ƙarangiya a rumfa, wani ya ce a zuba gishiri a randa. Ni na ce ba wannan, a fasa randunan a gabansu, su ma su ɗanɗana. Magana ta kai kunnen Liman, ya aiko aka kira mu. Ya ce, “Hana mai azumi ruwa? Ba a garin da nike limanci ba. Wanda duk yay yi haka, in ya mutu ku nemi mai yi mai salla.” Muka fito rai a ɓace. Na isa gida ina huci, na shuri turmi har ɗan yatsana ya fashe.

Inna tana tankaɗen toka, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, “Kai dai ba ka da wayo, sai zuciya kamar ta ubanka. Wa ya ce a hana su? A ba su, su sha har su ƙoshi. Amma ludayi guda, hannu guda. Wanda duk ka son ruwa, shi durƙusa gaban ɗana, shi kira shi da sunan da anka raɗa mai.” Na koma wa Liman da maganar, ya shafa gemu, sannan ya ce shi dai bai ga inda aka hana kowa ruwa a nan ba. Na lura yana danne murmushi.

Saura fito da Yaya. Inna ta tsaya bakin ƙofarsa, ba ta shiga ba. Ta ce, “Usmanu, ran da anka yi sunanka ubanka rago yay yanka, ni na ci hantarsa. To ni ban ga ragon da Bawa yay yanka ba. Tashi ka wanke rigarka.” Can muka ji motsin tabarma.

Ba gero a garin da zai isa kunun mutum goma sha. Sai Inna ta sa na hau rumbu na sauko mata da damin iri, wanda Baba ya saba cewa ko mutuwa ake ba a taɓa shi. Na ce, “Inna, in ruwa ya sauka mi za mu shuka?” Ta ce, “Allah na nan. Sauko da shi.” Da mata suka ji Inna ta sussuke irinta, sai ga su da ɗan abin da ke hannunsu, wannan tafin wake, waccan tsamiya, wata ɗan man gyaɗa a kwalba. Matan Fulani suka kawo nono. Ran wasa tun da hantsi gari ya ɗauki lugude, ƙamshin ƙosai ya tashi a garin da ya manta kamanninsa, yara suna bin hayaƙi suna haɗiyar yawu. Muka jiƙa yashin randuna har sau ba adadi, ruwan ya yi sanyi kamar na tulun amarya. Ramuwar gayya, an ce, ta fi gayya zafi.

Ban taɓa ganin filin ya cika kamar ranar ba. Zana har tana lanƙwasa, tsamiya ta yi 'ya'yan mutane, tsofaffin da ba su san inda ake cin ƙwallo ba an kawo su an zaunar. 'Yan Iyaka suka sauko daga mota suna waige-waige, sun zaci duwatsu za su tare su. Ba wanda ya ce musu kanzil. Mai kalangunmu ma ya rataye kalangunsa. Aka take wasa cikin zafin da ƙasa ke cizon tafin ƙafa. Ni aka ba Bawa, na kuwa manne masa kamar kaska, duk inda ya juya ya tarar da ƙafata. Da ya matso raga sai ya riƙa cewa, “Sha-Laka, an warke?” Yaya bai ko dube shi ba. Aka sake tashi ba ci, kuma ba wanda ya damu, don ba wasan ne ya tara mutane ba.

Ba wanda ya tafi gida. Aka kife turmi a bakin rumfa, Yaya ya zauna a kai, randuna a damansa, ƙoren kunu da ƙosai a hagunsa, ludayi ɗaya tak a hannunsa. Muka tsaya a bayansa. Ladan ya yi kira. Duk garin nan, da mai furfura da mai goyo, ba wanda ya kai ko ɗigo bakinsa, don baƙo ke fara sha. Na fito na faɗa musu sharaɗi da ƙarfi yadda na kan tsamiya zai ji.

Suka dubi juna. Kana jin yadda maƙogwaronsu ke motsi. Golansu ne ya fara tahowa, ya durƙusa ya ce, “Usmanu ɗan Mamman, sam mini ruwa don Allah.” Yaya ya cika ludayi ya ba shi, ya ƙara masa, ya tura masa ƙosai. Sai na biyu, sai na uku. Wani da ya taya mirgina duro ya faɗa ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa ta ce daga bayan zana, “Ba mu jiya ba, ɗan nan!” Ya maimaita da ƙarfi. Kai, daɗin da na ji ranar ko ranar aurena ban ji shi ba. Duk lokacin da aka ce Usmanu sai in ga kafaɗar Yaya ta ƙara miƙewa.

Saura Bawa. Yana tsaye ya riƙe ƙugu yana murmushi. Ya buɗe jakarsa a hankali, ya zaro gora cike da ruwa. Ashe la'ananne da guzurinsa ya zo! Fili ya ɗauki salati, don ba a taɓa ganin wannan rashin kunya ba. Ya cire marfi ya ɗaga ta sama ya ce, “Ni Sha-Laka ba ya shayar da ni.” Ya kai ta baki.

Na ji Yaya ya ce, “Garba, bari.” Ranar ce kaɗai ban ji maganarsa ba. Duk zamana ɗan ƙwallo ban taɓa yin bugu mai kyau irin wannan ba. Na tashi sama na sa mata ƙafar dama, gorar ta tarwatse kafin ɗigo ya taɓa harshensa, ɓallinta ya tsaga masa leɓe. Ruwan ya zube a gabansa, yashi ya shanye. Muka tsaya muna kallon juna. Randa tana nan taku kaɗan daga inda yake, ludayi a cike, Yaya ya miƙo shi yana jira. Kalma ɗaya ta rage. Bawa ya tofar da jini, ya juya, ya shige mota da busasshen baki.

Alƙali ya kai rahoto birni. Aka rufe filinmu sauran kakar, ni kuma aka kore ni daga lig har abada. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake ɗaga gorar nan zan sake tashi, in gwiwa ta yarda. Ruwa ya sauka bayan salla da 'yan kwanaki, ƙasa ta yi ƙamshi, muka shuka ɗan abin da kawunmu ya tsakuro mana, rabin gona ya kwana ba shuka. Inna ba ta taɓa ambaton irin nan ba har ta koma ga Allah. Daga shekarar kuma ƙungiyoyi suka fara tafiya da ruwansu, rumfar baƙi ta mutu a hankali.

Yaya ya koma raga, ya yi shekaru yana tsarewa, a garinmu ba mai sake faɗin sunan ko a ɓoye. Amma Bawa bai bari ya mutu ba. Ya gaji dukiyar ubansa, ya zama Alhaji, ya zama shugaban ƙungiyarsu, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya ba da labarin. Shekarun baya Yaya ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Muna zaman makoki wani baƙo ya tsaya da babur yana tambayar wa ya rasu, aka ce Usmanu. Ya ce, “Wane Usmanu? Au, Sha-Laka?” A gaban 'ya'yansa. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba lokacin da ake binne shi.

Yanzu fili ya canja. Katangar bulo ta zagaye ɓangare uku, na huɗun har yau ana jiran alkawari. Raga ta ƙarfe ce, layi da farar ƙasa nake ja, akwai tanki mai sola, da kujerun roba na manyan baƙi, da lasifika mai tsatsa. Tsamiyar an sare ta. Yara suna shigowa da tikiti, rabinsu idonsu na kan waya suna kallon wasan Turai. In ladan ya yi kira kowace ƙungiya ta buɗe kularta ta fasa ruwan leda a nata gefen, da safe ni ke tsince ledojin.

Makon jiya 'yan Iyaka suka zo wasa. Ina cikin jan layi rana na dukan ƙeyata, sai ga mota ta tsaya, aka fito da wani tsoho da sanda. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa, amma tabon leɓen yana nan. Ya tako har inda nake ya yi sallama. Na amsa, don amsa sallama wajibi ne.

Ya ce, “Garba, ka gane ni?”

Na ce, “Ko a lahira.”

Ya ce likitoci sun gama nasu, saura na Allah, shi ya sa yake bin mutane yana neman gafara. Ya ce, “Mun tsuhwa, Garba. Ka yahe mini.”

Na ce, “Ni mi kay yi mini? Ni na tsaga maka baki. Wanda kay yi wa shina kwance gabas da gari.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ji labarin rasuwar, kunya ta hana shi zuwa. Ya ce in taimaka in kai shi, ko addu'a ya yi masa a kan kabarinsa. Na ajiye gwangwanin farar ƙasa, na tada babur, na goya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Makabartarmu babba ce, kuma ka san kaburburanmu, tudun ƙasa ne da ɓallin tukunya, ba suna ba alama. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi tuddan nan jere har gindin kuka, ya ce, “Wanne ne?”

Na san shi sarai, duk Juma'a ina zuwa. Na ce, “Ba ni nuna maka, Alhaji. Bi su ɗaya ɗaya, ka kira sunansa a kan kowane. In ka gama ka dace.”

Ya dube ni, na dube shi. Sannan ya dogara sandarsa ya shiga. Ya tsaya kan na farko ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ka jiƙan Usmanu ɗan Mamman.”

Na ce, “Ban jiya ba.”

Ya ɗaga murya. Ya matsa na gaba ya sake faɗi, ya matsa ya sake. Na zauna kan babur a inuwar katanga ina saurare, shi yana cikin rana, gumi ya jiƙe masa babbar riga, sanda na nutsewa a yashi. Usmanu ɗan Mamman, Usmanu ɗan Mamman. Tun yana faɗi da ƙarfi har muryar ta dushe, har ta koma kamar kukan ɗan akuya, bai daina ba, ni ma ban ce ya isa ba. Daga can fili na jiyo usur an take wasa, ban motsa ba. Tun a layin farko ya wuce kabarin Yaya, ban faɗa masa ba.